Bushiya, Jemage da Rumbun Gayya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

A dajin ƙasar Gonja, can inda ayarin fataken goro ya saba ratsawa zuwa Salaga a zamanin da, an yi wata shekara da tari ya shigo wa dabbobi. Da birai ya fara. Kafin wata ya mutu ya bi gada da barewa, ya kutsa ramukan zomaye, ya kwantar da tsofaffin gwanki. Dabba ta kwana lafiya, ta tashi da zazzaɓi, kwana uku numfashi ya soma gagararta. Aka daina taruwa a mashaya. Mai jin ƙishirwa sai ya tsaya daga nesa har na gabansa ya sha ya wuce. Ungulu kanta, wadda mutuwa ke ciyarwa, ta ce abin ya ishe ta.

Magani babu. Rigakafi ne kawai, shi ma wuri ɗaya ake haɗa shi, a wani dutse da ke ƙetaren Kogin Volta, inda ƙudan zuma suke dafa shi da furen da su kaɗai suka sani. Ɗigo ɗaya a harshe, a ƙara wani bayan mako uku, ƙoƙo guda ya ishi gida guda. To, tun kafin tukunyar farko ta huce, giwaye da dorinai sun riga sun aika da hatsinsu, sun kama na bana, sun kama na baɗi, har abin da ya ninka yawansu sau biyar. Ƙananan dabbobi suka tura Shamuwa ta tambayo musu. Aka ce mata ta bi layi.

Dajin yana da rumbu ɗaya da ake kira rumbun gayya. Duk kaka kowane gida ya kai daminsa, mai ƙarfi ya kai biyu, domin ranar yunwa ko ranar masifa. Gafiya ce Ma'aji, ita ke riƙe da mabuɗi. Akwai kuma doka tun zamanin kakannin Zaki: ba a cire ko zangarniya ɗaya a ba baƙo sai majalisa ta zauna a gindin tsamiya, babba da yaro sun ji, an ce an yarda.

Ɓauna shi ne Sarkin Magani. Ni mai ba ku labarin nan ba zan ce muku mugu ne ba, domin ba mugu ba ne. Kullum da asuba a ƙofarsa ake kawo labarin waɗanda suka kwana ba su tashi ba. Ya binne ƙanensa da kansa. Ya aika wa ƙudan zuma manzo har ƙafar manzon ta kumbura, amsa ba ta zo ba. Barci ya ƙaurace masa. A cikin wannan hali ne, wani dare, ya ji sallama a bakin zaure, ya leƙa, sai ga Gizo da babbar riga, da ɗan ƙoƙo a rufe da faifai.

"Yanka ya daɗe, Shaykin Magani," in ji Gizo. Ya ɗaga faifan. Rigakafi ne na gaske, Ɓauna ya san ƙanshinsa. Gizo ya ce yana da hanya a dutsen, sarauniyar zuma ba ta ƙin maganarsa, zai iya kawo ƙoƙo 400. Kuɗinsa dami 8 kowane ƙoƙo. Suka yi ta ja har zakara ya yi cara, aka tsaya a kan dami 6, Ɓauna yana jin ya yi wa daji ciniki. Gizo ya ce sai an ba shi kafin alƙalami, rabin kuɗin ƙoƙo 100 na farko.

"Sai majalisa ta zauna," in ji Ɓauna.

"Majalisa kwana nawa za ta yi tana magana? Dajin gaba suna jirana da hatsinsu a ɗaure. In gari ya waye ban ga komai ba, can na nufa."

Ɓauna ya yi shiru. Daga nesa yana jiyo tarin wata barewa. Ya tashi ya je ya buga wa Gafiya ƙofa.

Da hantsi Hankaka ya zaga daji yana shela cewa rigakafi na nan tafe, ƙoƙo 400, kowa ya kwantar da hankalinsa. Aka yi guɗa, aka yi wa Sarkin Magani addu'a. Bayan mako guda ƙoƙo 10 suka iso. Sauran, in ji Gizo, suna hanya. Mako ya zama wata. Yau kogi ya cika, gobe sarauniya ba ta jin daɗi, jibi an rasa faifan rufi.

Bushiya kuwa da dare take kiwo. Wani dare ta biyo bayan rumbun gayya, sai ta ci karo da jerin tururuwa, kowace da ƙwayar gero a ka. Rani ne, gona ba komai, rumbu a rufe. Ta tsayar da ɗaya.

"Ƙanwata, ina kuka samo?"

"A ƙasa muka tsinta, Yaya. Tun daren da aka yi ta fitar da damuna ta ƙofar baya muke kwasa, har yau ba mu gama ba. Bi sawun ki gani, har bakin kogi ya kai."

Bushiya ta bi. Har bakin kogi ya kai.

Washegari ta tare Ɓauna a hanyar mashaya, inda dabbobi ke tsaitsaye nesa da juna. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, tambaya gare ni. Nawa aka sayi ƙoƙo? Kuma da me aka biya?"

Ɓauna ya ce ciniki ne tsakaninsa da mai kaya, an yi alkawarin ba za a faɗi farashi ba, kuma a iya saninsa ba a biya komai ba tukuna. Kura, wadda ba ta rabuwa da gindin masu sarauta, ta taso mata. "Ana mutuwa kina lissafi? Ke wa ya aiko ki? Ko so kike mai kaya ya ji haushi ya kai wa wasu?" Wasu suka ce gaskiya ne, Bushiya ta cika ƙaya, jikinta da bakinta.

Wannan bai dame ta ba kamar abin da ya biyo baya. Da yamma Zomanya ta zo har bakin raminta. 'Ya'ya biyar gare ta, biyu sun tafi, na uku yana goye a bayanta, kunnuwansa sun kwanta, ƙirjinsa yana shiga yana fita da wani ɗan sauti siriri. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Bushiya, tare muka tashi. Don Allah ki bari. Ko dami ɗari ne su saya. Gero na dawowa, wannan in ya tafi ba ya dawowa." Bushiya ta dubi yaron, ta rasa abin cewa. Ta shige rami ta dunƙule, kwana biyu ba ta fito kiwo ba.

Ruwan farko ya sauka. Tare da shi jemagun kudu suka iso, kamar yadda suke yi duk shekara, suna bin 'ya'yan itace zuwa arewa. Wani tsohonsu ya sauka a kan kanyar da ke bisa ramin Bushiya, ya ji tana magana ita kaɗai, ya tambaye ta. Ta faɗa masa duka.

Ya daɗe yana lilo da kai a ƙasa kafin ya yi magana.

"Ni a Akra nake zaune," in ji shi, "a itatuwan bakin Asibitin Soja na 37. Duk abin da 'yan Adam ke faɗa a kan cuta da magani, a ƙarƙashina suke faɗarsa. Abin da kika ba ni labari, na taɓa jin irinsa. Lokacin da tasu annobar, korona, ta kama su, Gana ce ƙasar farko a duniya da shirin COVAX ya kai wa allura. Ranar 24 ga Fabrairu, 2021, jirgi ya sauke guda 600,000 da aka yi a Indiya. Mutanen ƙasar kuwa sun kai miliyan 30. Ƙasashe masu kuɗi sun riga sun kame kasuwa, ba a daɗe ba kuma Indiya ta tsayar da fitar da tata, saboda cutar ta turnuƙe ta a gida."

"To, sai suka yi yaya?"

"A watan Maris ma'aikatar lafiyarsu ta ƙulla ciniki da ofishin wani basarake na Dubai, Sheikh Ahmed Dalmook Al Maktoum, zai kawo musu allurar Rasha, Sputnik V, guda miliyan 3.4, kowace dala 19. A bakin masana'anta kuɗinta kamar dala 10 ne. Jama'a ba su sani ba sai a watan Yuni, da wata jarida ta ƙasar Norwe mai suna VG ta tono maganar. Ranar nan, daga Nima har zangon Kumasi, ba abin da ake yi a rediyo da teburin mai shayi sai ita. Ma'aikatar ta ce ta nemi gwamnatin Rasha kai tsaye ba ta samu ba, kuma dala 25 aka fara yi mata, ita ta ja har 19."

Bushiya ta fito da kanta daga rami sosai. "Su ma suna da gindin tsamiya?"

"Suna da shi. Tsarin mulkinsu na 1992, sashe na 181, ya ce irin wannan ciniki da 'yan waje sai majalisa ta amince. Ba a kai mata ba. Da surutu ya yi yawa majalisar ta kafa kwamitin mutum 9. Ministan lafiya, Kwaku Agyeman-Manu, ya amsa a gabansu cewa bai nemi amincewar ba, ya ce mutane na mutuwa, hankalinsa a tashe yake. Ya kuma ce a iya saninsa ba a biya kuɗi ba. Sai bincike ya nuna dala 2,850,000 sun riga sun fita, rabin kuɗin allura 300,000. Abin da ya iso ƙasar guda 20,000 ne."

"Kuɗin sun tafi ke nan."

"Sun dawo. Cinikin ya rushe, aka cire kuɗin 20,000 ɗin da aka kawo, a watan Agusta aka mayar da dala 2,470,000."

Bushiya ta ce, "Baba, za ka maimaita wannan a gaban Zaki?" Ya ce zai maimaita.

Doka ta ba kowane mai dami a rumbu ikon kiran majalisa, in ya sami gida bakwai da suka goya masa baya. Bushiya ta bi ramuka da sheƙuna dare biyu. Gida shida suka yarda. Na bakwai Kunkuru ne, wanda ya ce shi bai san ko tana da gaskiya ba, amma tambaya ba ta taɓa kashe kowa ba.

Aka zauna a gindin tsamiya, kowa da tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa. Jemage ya rataya a reshe ya ba da labarinsa. Bai kai ƙarshe ba Kura ta miƙe. "Allah ya ja zamanin Manyan Dawa, wa ya ba wannan bakin magana? Shi ba tsuntsu ba, shi ba dabba ba. Ana ma cewa irinsu ne ke yawo da cuta. Mai kawo ciwo ne zai koya mana sayen magani?" Wuri ya ɗauki hayaniya, har wani biri ya ɗauki dutse.

Kunkuru ya ɗaga wuya a hankali. "Ku bar asalinsa. In ƙarya ya yi, rumbu na nan, zai ƙaryata shi. Ga shi can, taku ashirin ne."

Zaki ya dubi Gafiya. Gafiya ta dubi ƙasa. Aka ce ta kawo mabuɗi.

Al'adar rumbun ce, duk kaka in an gama zuba damuna, Ma'aji ta ja layi da farar ƙasa a jikin bango daidai inda hatsi ya tsaya. Da aka ɗaga murfi haske ya shiga, kowa ya ga layin bara, fari tas, a can sama. Hatsin kuwa yana ƙasa da shi da tsayin barewa a tsaye. Tsakanin layin da hatsin ba komai sai bango, da ɓurɓushin ƙaiƙayi da ya maƙale a jikin yumɓu, da wata zangarniya ɗaya da ta saƙale a tsaga lokacin da ake jan damuna cikin duhu. Ba wanda ya yi magana. Gafiya ta fashe da kuka, ta ce dami 300 ne, ita ta ƙirga su da hannunta, an ce mata gaggawa ce, za a sanar da majalisa daga baya.

Bushiya ta juya wajen Shamuwa. "Iya, ran da kika je dutsen aka ce ki bi layi, kin ji nawa suke sayarwa?"

"Dami 3. Ba wanda ya tambaye ni, shi ya sa ban faɗa ba."

Sai aka ji wata murya daga baya. Zomanya ce. Bayanta ba goyo. Ta zo ne don ta roƙi majalisa ta bar Sarkin Magani ya yi aikinsa, amma tun da aka ɗaga murfin take ƙirga wani abu da yatsunta. Ta ce, "A gafarce ni, ni ban iya magana a taro ba. Dami 300 sun fita, gida 10 suka samu. A farashin dutse, dami 300 na gida 100 ne. Ni na ce ko nawa ne a saya, don na ɗauka tsadar a kan gero za ta tsaya. Ashe duk ƙoƙon da aka saya a 6, akwai wani gida da aka cire daga layi. Ina so a faɗa mini, gidana yana cikin waɗanda aka cire?"

Ba mai amsar wannan. Ɓauna ya taso, ƙafafunsa na rawa, ya tsaya a tsakiyar fili.

"Ranka ya daɗe, na karya doka, ban musa ba. Na ce ba a biya ba, alhali an biya, wannan ma nawa ne. Amma ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga gidana ba, a je a duba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Giwaye sun kwashe, zuma sun yi shiru, kullum ana kawo mini gawa. In da ɗayanku ne a wurina a daren nan, me zai yi?"

Tambaya ce ta gaskiya, kuma da yawa a wurin sun sunkuyar da kai. Kunkuru ne ya amsa.

"Da na buga ganga a daren. Da mun fito da fitilu mun zauna a nan kafin asuba. Da Shamuwa ta ce 3, da Dila ya ce a ga kaya kafin a ba da hatsi, da wani ya tambayi Gizo ƙoƙo nawa ne a hannunsa a lokacin. Mai yiwuwa da mun yarda da 6 ɗin ma, don tsoron da ka ji mu ma muna jin sa, amma da mun yarda idonmu biyu, da hatsinmu. Kakanninmu ba don ranar kwanciyar hankali suka kafa dokar nan ba, Sarkin Magani. Ranar kwanciyar hankali wa ke buɗe rumbu da dare? Kai kaɗai ka ɗauki tsoron daji duka a kanka, shi ya sa Gizo ya same ka kai kaɗai."

Zaki ya yanke hukunci a take. Ciniki ya mutu. Dila da Kura su bi sawun tururuwa su ƙetare kogi, kada su dawo sai da hatsi. Suka iske Gizo ya jibge damunan a wani kogo, bai ko kai wa zuma ba, yana jiran farashi ya ƙara hawa. Da ya ga Kura a bakin kogon bai yi gardama ba. Ya cire dami 60 na ƙoƙo 10 da ya kawo, ya ce ciniki ciniki ne, aka ɗauko 240 aka dawo da su. Kwana uku ana jido.

Dabbobi da dama sun so a tuɓe Ɓauna. Zaki ya ce tsakiyar annoba ba lokacin sauya Sarkin Magani ba ne, ya bar shi a kan sarautarsa. An yi gunaguni, har yau ma akwai masu yi. Jemage ya ce a Akra ma haka aka yi, ministan ya riƙe kujerarsa har farkon 2024. Abin da majalisa ta samu shi ne, aka karɓi mabuɗi daga hannun Gafiya ita kaɗai aka yi masa biyu, ɗaya a wurinta, ɗaya a wurin Zomanya. Aka kuma ce daga ranar, duk cinikin da aka yi da hatsin gayya, Hankaka zai yi shelar farashinsa da sunan mai kaya kafin a ɗaga dami ɗaya.

Saura rigakafi, don tari bai san an yi majalisa ba. Bushiya ta tambayi Jemage ko 'yan Adam sun sami wata hanya ban da dillali. Ya ce ƙasashen Afirka sun haɗa kai a ƙarƙashin Tarayyar Afirka, suka yi ciniki ɗaya da kamfanin Johnson & Johnson a kan allura miliyan 220, a watan Maris na 2021 dai, kaya suka fara isowa a watan Agusta. Ya ce an jira, an kuma yi rashi a cikin jiran, amma da aka zo, an san da wa aka yi ciniki.

Aka aika wa dazuzzuka huɗu na maƙwabta. Uku suka amsa, suka haɗa hatsinsu da na Gonja. Shamuwa ta ɗauki Bushiya a cikin ɗan kwando, ƙayoyinta a kwance don kada ta soke ta, suka tashi zuwa dutsen. Ƙudan zuma da suka ga saƙon daji huɗu a baki ɗaya, suka ba su rana, ƙarshen damina, dami 3 kowane ƙoƙo, a biya in kaya sun sauka. Kafin ranar ta zo an ƙara binne wasu, cikinsu har da Kunkuru. Da ƙoƙunan suka iso, Ɓauna da kansa ya tsaya yana ɗiga wa dabbobi a harshe, Zomanya a gefensa tana kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya, ta fara da na bakin daji, waɗanda suka fi nisa da fada.

Daji na huɗu, wanda bai amsa ba, wata tsattsewa ta kawo labarin dalili. An ga wani mai babbar riga da ɗan ƙoƙo a rufe da faifai yana tambayar gidan Sarkin Maganinsu. Jemage yana cikin cin kanya ya ji. Ya tambayi tsattsewar tafiyar kwana nawa ce a ƙasa, ta ce huɗu. Ya ce a sama dare ɗaya ne. Ya yi wa Bushiya sallama, ya ce ta faɗa masa adadin damunan sau ɗaya kuma don kada ya yi kuskure a gaban majalisarsu. Ta faɗa masa. Da magariba ya saki reshe, ya nufi gabas.

Ƙurunƙus kan kusu.